GIGIN TSUFA KO CUTA? Abin da masana suka gano a cikin ƙwaƙwalwa, da abin da ya rage ga Madawa, Buza da Keita

A tsakanin watan Afrilu da watan Mayu na shekarar 2025, abubuwa huɗu sun faru a fagen kiwon lafiya na duniya waɗanda suka cancanci mu tsaya mu dube su da idon basira. Na farko, Tarayyar Turai ta amince da wani sabon magani mai suna lecanemab, wanda ke wanke wani sinadari da ake kira amiloyid daga ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Na biyu, masana sun bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 326 na ƙasar Sin, wanda ya nuna cewa maganin hawan jini na rage yawan masu kamuwa da cutar mantuwa. Na uku, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da izinin gwajin jini na farko da ke taimaka wa likita gane cutar. Na huɗu kuma, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Janeba ya ƙara wa'adin shirinsa na yaƙi da cutar mantuwa, wanda aka tsara daga 2017 zuwa 2025, har zuwa shekarar 2031.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan manomin albasa na kwarin Tarka da wannan magana? Ina ruwan tsohuwar da ke zaune a kan duwatsun Keita da abin da ake tattaunawa a Janeba? Amsar ita ce, abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, muna dariya ko muna jin kunya mu ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, shi ne abin da waɗannan mutane ke kashe biliyoyi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Cutar Alzheimer ita kaɗai ta ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan adadi.

Su wane ne tsofaffin Adar na yau?

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna gundumar Madawa na da mutum sama da dubu 545, Buza sama da dubu 445, Keita kuma sama da dubu 337. Idan aka haɗa, gundumomin uku na jahar Tawa sun zarce mutum miliyan 1 da dubu 300, kuma kowa ya san jama'a ta ƙaru sosai tun daga lokacin. Gaskiya ne Nijar ƙasar yara ce, waɗanda suka kai shekara 65 ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Amma lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960, tsawon ran ɗan Nijar a ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yau kuwa ya haura 60. Ke nan yawan tsofaffi sai ƙaruwa yake yi, kuma duk inda tsofaffi suka yawaita, cututtukan tsufa na biye da su.

Waɗannan tsofaffi ba baƙi ba ne. Su ne matan da suka ɗauki duwatsu a ka lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a shekarar 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, suka jera shinge a kan tuddai don tare ruwan sama, suka dasa miliyoyin itatuwa, a lokacin da mazaje da yawa suka tafi bida. Su ne mutanen da suka dasa layukan itatuwan kare iska a kwarin Majiya na ƙasar Buza tun daga 1975. Macen da take da shekara 25 a 1984, yau ta haura 65. Kuma al'adar tafiya cin rani ba ta gushe ba a Adar: samari na Abijan, na Legas, na Libiya da Aljeriya, gida kuwa sai tsofaffi da mata da ƙananan yara. Idan tsoho ya fara mantuwa, nauyin yakan faɗo a kan surukar da ke da goyo a baya da gona a gaba, ko a kan jikar da za a cire daga lakwal don ta zauna gadin kaka.

Bari mu yi ɗan lissafi. A shekarar 2011 likitoci a Zariya sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan tsofaffi 322 da ke zaune a gidajensu, suka tarar mutum 9 na da cutar mantuwa, wato kashi 2.79 cikin 100; shida daga cikinsu Alzheimer ce, uku kuma lalacewar hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa ce. Idan muka yi aron wannan adadi na ƴan'uwanmu Hausawa, muka ɗora shi a kan tsofaffi wajen dubu 33 da ƙidayar 2012 ke nuna za a iya samu a gundumomin nan uku, za mu samu mutum kusan dubu ɗaya. Wannan ƙiyasi ne na alƙalami, amma ya isa ya nuna cewa magana ce ta gidaje kusan dubu, kowane da nasa baƙin cikin.

Daga asibitin Farankfot zuwa gutsuren furotin

Labarin ya faro ne a ƙasar Jamus. A shekarar 1901 aka kai wata mata ƴar shekara 51 mai suna Auguste Deter asibitin masu taɓin hankali na birnin Farankfot, tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana ɓata a cikin gidanta. Da ta rasu a 1906, likita Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abubuwa biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da kuma wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Sai a shekarar 1984 George Glenner da Caine Wong a Amurka suka gano ainihin sinadarin da ke cikin irin waɗannan dunƙule-dunƙule, shi ne amiloyid-beta. Zaruruwan kuwa wani furotin ne da ake kira tau.

Amiloyid-beta ba guba ce da ta shigo daga waje ba, jikin kowane ɗayanmu na yin ta kullum. A jikin fatar ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin da ake kira APP. Wasu sinadarai biyu masu aiki kamar almakashi suna yanka shi a wuri biyu, sai wani ɗan gutsure ya fita, mai ɗauke da ƙananan tubala 40 ko 42. Mai 42 ɗin ya fi danƙo, ya fi saurin mannewa da ɗan'uwansa. A jikin mai lafiya ana yin gutsuren ana kuma share shi. Idan yin ya fi sharar yawa, sai ya fara haɗuwa bibbiyu, uku-uku, goma-goma, yana yawo a cikin ruwan ƙwaƙwalwa, daga ƙarshe ya daskare ya zama dunƙulen da Alzheimer ya gani.

Dalilin da ya sa masana suka ɗora zargi a kan wannan gutsure yana da ƙarfi. Umarnin yin APP yana kan igiyar gado ta 21, kuma mutanen da aka haifa da igiyar nan guda uku a maimakon biyu, wato masu lalurar Down, kusan dukansu kan tara amiloyid kafin su kai shekara 40. A 1991 aka gano wasu iyalai da ke gadon cutar tun suna da sauran ƙarfi saboda wani kuskure a umarnin APP. A 2012 kuma aka gano akasin haka a ƙasar Ayisland: wasu mutane masu wani canji da ke rage yankan APP sun fi sauran jama'a tsira daga cutar. A wannan shekarar ce kuma wani bincike a kan iyalan da ke gadon cutar ya nuna cewa canjin amiloyid na farawa shekara 15 zuwa 25 kafin mutum ya fara mantuwar da iyalinsa za su lura da ita. Ma'ana, tsohon da ya ruɗe yana da shekara 70, ciwon ya kama hanya tun yana ɗan 50 yana noma gonarsa.

Hayaniya kafin shiru

Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Kowace ƙwaya na aika saƙo da ɗan ƙaramin lantarki, idan saƙon ya kai bakin mahaɗarta da ƙwaya ta gaba sai ta fesa wani sinadari a ɗan ratar da ke tsakaninsu. Sinadarin da ya fi kowane tayar da ƙwaya ta gaba sunansa gulutamat. Da ya gama aikinsa dole a kwashe shi nan take, kuma akwai wasu ƙwayoyi na musamman da ke kewaye da mahaɗar waɗanda aikinsu ke nan. Koyon sabon abu da tuna shi na faruwa ne idan wasu mahaɗai suka yi ƙarfi, wasu kuma suka yi sanyi, a wani sashe da ake kira hifokamfus, wanda shi ne rumbun da sabon labari ke fara sauka. Shi ya sa mai cutar kan tuna yunwar 1973 da ta 1984 dalla-dalla, amma ya manta ko ya sha fura da safe: tsohon labari ya riga ya bar rumbun, sabon ne ya rasa masauki.

Shekaru da dama an ɗauka cewa cutar kashe ƙwayoyi kawai take yi, ƙwaƙwalwa ta yi ta yin sanyi har ta mutu. Binciken shekaru ashirin da suka wuce ya nuna cewa a farkon cutar abin ba haka yake ba. A shekarar 2002 ɗakin binciken Dennis Selkoe na jami'ar Harvard ya nuna cewa ƙananan tarin amiloyid masu yawo a ruwa, tun ba su daskare ba, suna hana mahaɗai yin ƙarfi a ƙwaƙwalwar ɓeraye. A 2003 da 2005 wasu masana suka nuna cewa duk lokacin da ƙwaya ta yawaita aiki, takan ƙara fitar da amiloyid. A 2007 Jorge Palop da Lennart Mucke a San Faransisko suka tarar cewa ɓerayen da aka sa wa cutar na yin wata irin farfaɗiya ta ɓoye, wadda ba a gani a jiki sai a na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa.

Sai kuma a 2008 Marc Aurel Busche da Arthur Konnerth a birnin Munik suka leƙa ƙwaƙwalwar ɓera yana raye da wani madubi na musamman, suka ƙidaya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kashi 29 cikin 100 sun yi sanyi, kamar yadda aka zata. Abin mamaki, kashi 21 cikin 100 kuwa aiki suke yi fiye da ƙima, kuma waɗannan masu zumuɗin a kusa da dunƙulen amiloyid suka taru. A 2012 suka nuna cewa a hifokamfus zumuɗin na farawa tun kafin dunƙule ya bayyana. A 2019 Benedikt Zott da abokan aikinsa a wannan ɗakin bincike suka bayyana dalili: amiloyid na hana a kwashe gulutamat daga mahaɗa. Sinadarin ya zauna, ƙwayar ta ci gaba da harbawa, harbawar ta jawo ƙarin gulutamat da ƙarin amiloyid, abu ya zama zagaye marar fita.

Duk mai sauraren rediyo ya san abin da ke faruwa idan tashoshi biyu ko uku suka hau zango ɗaya. Akwatin na da batir, lasifika na da ƙarfi, amma ba ka fahimtar ko kalma guda, domin hayaniya ta rufe magana. Haka ƙwaƙwalwa take a farkon wannan cuta. Ƙwayoyin suna nan da ransu, sai dai saƙon gaskiya ya nutse a cikin surutu. Daga baya ne, idan furotin tau ya yaɗu, ƙwayoyin ke yin shiru su mutu. Busche ya nuna a 2019 cewa idan amiloyid da tau suka haɗu a ƙwaƙwalwar ɓera, sanyayawar tau ce ke rinjaye. Wani bincike na 2016 kuma ya nuna cewa yawan harbawar ƙwaya na taimaka wa tau tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan.

An ga alamun haka a jikin mutane ma. A 2012 masana a jami'ar Johns Hopkins sun ga hifokamfus na masu ƴar mantuwar farko na aiki fiye da na tsararrakinsu masu lafiya, kuma da aka ba su ɗan kaɗan na wani maganin farfaɗiya mai suna levetiracetam, zumuɗin ya ragu. A 2016 Keith Vossel ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar masu Alzheimer 33 waɗanda ba su taɓa faɗuwa ba, ya tarar kashi 42 cikin 100 na da alamun farfaɗiya ta ɓoye, galibi a cikin barci, kuma waɗannan sun fi saurin lalacewa. Barci ma ya shigo cikin maganar: tun 2009 aka nuna cewa amiloyid na ƙaruwa a ruwan ƙwaƙwalwa idan ana farke, ya ragu idan an yi barci.

Wannan bayani na da amfani ga iyali. Tsohon da kan tsaya cak ya ƙura ido na ɗan lokaci bai san inda yake ba, ko wanda yau hankalinsa garau gobe ya birkice, ko wanda ke tashi tsakar dare zai tafi gonar da aka sayar shekara talatin da suka wuce, ba iskanci yake yi ba, ba kuma dole ne a ce iskoki ko sammu ba. Kuma tsohuwar da ta fita tsakar dare aka tsince ta a ƙofar gidan maƙwabta tana kiran sunan matattu, ba mayya ba ce. Marar lafiya ce. A garuruwanmu kalmar maita na iya raba tsohuwa da danginta har ta mutu ita kaɗai, ta kuma bar wa jikokinta tabon da zai hana su aure.

Inda masana suka saɓa

Adalci ne a faɗi cewa ba a rufe wannan muhawara ba. Yawancin binciken da muka ambata a kan ɓeraye aka yi shi, ɓera kuwa ba mutum ba ne. Akwai tsofaffi da yawa masu amiloyid a ƙwaƙwalwa amma hankalinsu lafiya lau: wani babban nazari na 2015 ya nuna adadin irinsu na tashi daga kashi 10 cikin 100 a shekara 50 zuwa kashi 44 a shekara 90. Akwai kuma shaidar cewa ɗan kaɗan na amiloyid na da amfani ga aikin mahaɗai, shi ya sa wasu magungunan da aka yi don toshe almakashin nan suka ƙara wa marasa lafiya ruɗewa a wajen gwaji, aka dakatar da su a 2010 da kuma 2017 zuwa 2018. Gwajin levetiracetam da Vossel ya buga a 2021 bai nuna amfani ga dukan marasa lafiya ba, sai ga ƴan kaɗan ɗin da ke da farfaɗiyar ɓoye. Har abin kunya an yi: a 2024 mujallar Nature ta janye wani sanannen rahoto na 2006 a kan wani nau'in amiloyid, bayan an gano an taɓa hotunansa. Janyewar ba ta rushe sauran shaidu ba, amma ta tuna wa kowa cewa masana ma mutane ne.

Abin da mafi yawansu suka yarda da shi yau shi ne, amiloyid ne ke kunna wutar, tau ne ke cin gidan, lalacewar hanyoyin jini kuma na ƙara mata iska. A ƙwaƙwalwar tsofaffi da yawa, abubuwan nan a haɗe ake samun su.

Maganin miliyan 15

Lecanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, da donanemab da ya biyo baya a 2024, suna wanke amiloyid ƙwarai da gaske. Amma ba sa warkarwa. A gwajin da aka yi wa mutum 1,795 na tsawon wata 18, lecanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 ne kawai. Marar lafiya na ci gaba da gangarawa, sai dai a hankali. Lokacin da aka amince da shi a 2023, ana ba da shi ne ta ƙarin ruwa a jijiya kowane mako biyu, ga waɗanda ke matakin farko kaɗai, bayan an tabbatar da amiloyid ɗin. Mutum 1 cikin 8 kan samu kumburi a ƙwaƙwalwa, don haka dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar IRM a kai a kai. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, wato wajen miliyan 15 na kuɗin sefa, ban da kuɗin hoto da na gwaji.

To, a gaya mana, magidancin Bangi ko na Tamaske ko na Karofan da ke auna gero da tiya, ina zai samo miliyan 15 kowace shekara? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƴan ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai. Abin da mutumin karkara ke da shi shi ne ɗakin shan magani na ƙauye, da asibitin gunduma a Madawa ko Buza ko Keita, da asibitin Galmi, in abin ya faskara sai babban asibitin jaha a Tawa. Kuma tsarin lafiyarmu, bisa dalili mai kyau, a kan yara da mata masu juna biyu aka gina shi: tun 2006 aka yi dokar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ƙungiyar likitoci ta MSF ma da ta daɗe a Madawa yara ta sa gaba. Tsoho ne ba shi da taga tasa. Duk wanda ya ce mu zauna jiran maganin Turawa, ya ce mu jira gawon shanu.

Darasin Ibadan da na ƙauyukan Sin

Sai dai akwai labari mai daɗi, kuma daga maƙwabta ya fito. Tun daga 1992 likitocin jami'ar Ibadan da na Indiyana suka riƙa bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da cutar mantuwa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Ɗaya daga cikin bambance-bambancen da masanan suka lura da su shi ne, mutanen Ibadan na wancan lokaci ba su kai na Amurka hawan jini da ciwon sukari da kitse a jini ba. Darasin a fili yake: yadda mutum ya rayu na da hannu a yadda ƙwaƙwalwarsa za ta tsufa. Gargaɗin ma a fili yake, domin hawan jini da ciwon sukari sun riga sun shigo garuruwanmu, ga gishiri da dunƙulen miya da sukari a shayi sau uku a rana.

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya: ƙarancin karatu, kurumta, raunin gani da ba a yi wa magani ba, hawan jini, ciwon sukari, kitse a jini, ƙiba, taba, giya, bugun kai, ciwon damuwa, rashin motsa jiki, kaɗaici, da gurɓatacciyar iska. Mai karatu ya dubi jerin nan ya dubi unguwarsa. Ɗan kabu-kabu da ke gudu ba hular kwano, yarinyar da aka cire daga lakwal, tsohon da yanar ido ta zaunar da shi a zaure alhali aikinta na ƴan mintuna ne, duk suna ciki.

Binciken ƙasar Sin kuwa shi ya fi kama da halinmu. Mutum kusan dubu 34 masu hawan jini a ƙauyuka 326 aka bi har shekara huɗu. A rabin ƙauyukan, ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, aka horar suka riƙa auna jini, suna ba da magani mai rahusa, suna bin mutane da shawara. A ƙarshe cutar mantuwa ta ragu da kashi 15 cikin 100 a waɗannan ƙauyuka idan aka gwada da sauran. Babu na'urar miliyoyi, babu ƙarin ruwa a jijiya. Abin awon jini ne da ƙwayar magani da mutum mai bibiya. Wannan ba ya fi ƙarfin Nijar ba.

Abin da ya rage gare mu

Ga hukumomin lafiya na jaha da na gundumomi, abu na farko shi ne a mayar da awon hawan jini al'ada ga duk wanda ya haura shekara 40 da ya taka ɗakin shan magani, ko rakiya ya zo, a kuma tabbatar maganin ba ya yankewa. Na biyu, a horar da majo-majo da masu jinya su gane cutar mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na da littafin jagora tun 2010 a ƙarƙashin shirinta na mhGAP, wanda aka rubuta musamman don wuraren da babu ƙwararren likita, kuma cutar mantuwa na cikinsa. Na uku, a fara rubuta masu cutar a rajista, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba ya shiga kasafin kuɗi. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar cutar Alzheimer ta duniya. Gidajen rediyon karkara da sarakuna da limamai na iya amfani da ita su raba jama'a da maganar maita.

Ga iyalai kuma, a sani ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko ƙishirwa a lokacin bazara, ko jini da ya taru a kai bayan faɗuwa, kuma waɗannan na da magani idan an hanzarta. Ciwon maƙoƙo, ƙarancin sinadarin B12 da ciwon damuwa su ma na kawo mantuwar da ke gyaruwa. Don haka a kai tsoho asibiti a duba shi, kada a ce ai tsufa ne. Kada kuma wani ya karanta wannan sharhi ya je wurin masu tallar magani a kan tebur ya sayo wa kakarsa maganin farfaɗiya ko na barci. Irin waɗannan ƙwayoyi ba tare da likita ba na iya ƙara ruɗewa su kuma jawo faɗuwa.

Idan likita ya tabbatar cutar ce, abin da ya fi kowane magani shi ne haƙuri da tsari. A bar tsoho a ɗakin da ya saba, a ba shi abinci da ruwa a kan lokaci, a nisanta shi da wuta da rijiya, a sanar da maƙwabta don su maido shi idan ya fita. Kada a yi gardama da shi idan ya kira ɗansa da sunan ƙanensa da ya rasu, kada a ɗaure shi, kada a bar yara su maishe shi abin wasa. Ƴan bida da ke aiko da kuɗi daga Abijan ko Tamanraset su tuna cewa matar da suka bari da tsohuwa ita ma na bukatar mai karɓarta ta huta. Waɗannan mutane sun ɗauki duwatsu sun tare mana hamada lokacin da suke da ƙarfi. Allah ya ba mu ikon riƙe su da mutunci, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.